Lasisi Babu Gwaji: Shaidar Zur A Kan Kwalta

Wata Asabar bayan la'asar ɗan ƙanwata ya shigo gida da fara'arsa, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Kawu, an kira ni aiki, amma sun ce sai mai lasisin tuƙi." Yaro ne mai hankali, bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba, kuma duk dangi mun san wahalar da ya sha yana yawon kai takardu ofis-ofis. Na yi masa barka, na tambaye shi ko ya iya mota. Ya ce ya iya sarai, wani abokinsa ne ya koya masa a filin ƙwallon unguwarsu, Lahadi uku a jere. Batun lasisi kuwa, in ji shi, ya riga ya sami mai hanya. Mutumin ya ce a kawo hoto da lambar katin ɗan ƙasa da kuɗin da ya yanka, babu zuwa makaranta, babu gwaji, cikin mako biyu kati zai iso har gida.

Na zaro makulli na miƙa masa, na ce, "Tashi ka kai ni kasuwa mu dawo, ɗana."

Ya ta da mota lafiya, ya sa giya lafiya. A miƙaƙƙen titi babu abin da za ka kushe. Da muka iso shatale-tale sai ya kutsa kai bai ko dubi hagunsa ba, wani mai a-daidaita-sahu ya take birki har fasinjojinsa suka ɗauki salati. Gaba kaɗan cunkoso ya tsayar da mu a tsakiyar hawan gada. Da layi ya motsa ya ɗaga ƙafa daga birki, kuloci ya suɓuce masa, mota ta mutu, ta kama sulalewa da baya. A madubi ina hangen wata mata a kan babur da goyo a bayanta, ƙafar jaririn tana reto. Na finciko birkin hannu da iya ƙarfina. Tsakaninmu da su bai fi taku biyu ba. Yaron ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, gumi yana tsiyaya ta gefen hularsa, ya ce da ƙaramar murya, "Kawu, wallahi a fili ba ta taɓa yi mini haka ba." Na ce, "A fili babu gada, ɗana, kuma babu mai goyo a bayanka."

Tun daga wannan rana nake juya maganar lasisi a raina. Yawancinmu mun ɗauke shi a matsayin katin da ake nuna wa jami'i a shingen hanya don ya ɗaga hannu a wuce. Asalinsa kuwa shaida ce. Hukuma ce take tsayawa a madadin jama'a ta ce ta zaunar da wannan mutum a gaban sitiyari, ta dubi tuƙinsa da idonta, ta gamsu cewa in an sake shi cikin 'yan makaranta da 'yan talla da tsofaffi masu tsallaka titi, ba zai zame musu ajali ba. Idan aka bayar da wannan shaida alhali ba a ga tuƙin mutum ba, an yi shaidar zur, kuma mutum uku ne suka yi tarayya a cikinta: wanda ya sa hannu, wanda ya yi dillanci, da wanda ya biya. Babu wanda bai san matsayin shaidar zur a addininmu da al'adarmu ba. Abin da ya ƙara wa ta kan kwalta muni shi ne, wanda za ta cutar bai san an yi ta ba sai ranar da ƙarfe ya same shi.

Alƙaluma ba su bar mu cikin duhu ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya fi shi kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce ke kan gaba wajen yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'arta, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. A nan Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙirga sama da mutum 5,000 da suka rasu a kan titi a 2023, ta sake ƙirga sama da 5,000 a 2024. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya isa gare ta. Akwai na hanyoyin ƙauye da ake ɗauka a yi musu sutura kafin azahar, ba tare da wani ya rubuta ba. Babu musu cewa ramukan titi da tsofaffin tayoyi suna da nasu kason. Amma a duk lokacin da hukumar ta jera musabbabai, gudun wuce sa'a ne ke zuwa a sahun gaba, sai ƙwacewar mota, tuƙin ganganci da aron hannu. Duk waɗannan halayen direba ne, kuma domin a tace su aka ƙirƙiro gwajin tuƙi.

Idan haɗari ya auku mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, kuma mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da mai ɗaci. Sai dai malamanmu sun karantar da mu cewa dogaro ga Allah yana tafiya tare da riƙo da sababi. Mutumin da ya ƙi koyon taka birki ya hau titi da mota mai nauyin tan guda da ɗoriya, ya yi watsi da sababi tun kafin ya fita daga gida. Bai kamata kalmar tsautsayi ta zama bargon da muke lulluɓe sakacinmu da shi ba.

To yaya ake samun lasisi ta ƙofar gaba? Tsarin a rubuce yake, kuma ba shi da sarƙaƙiyar da masu hanya ke zuzutawa don kasuwarsu ta ci. Hukumomi uku ne ke riƙe da shi. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ita ke tantance makarantun tuƙi, ta ɗauki hoto da zanen yatsu, ta buga katin. Jami'an duba ababen hawa na jiha, waɗanda muka fi sani da 'yan VIO, su ne masu gwaji. Hukumar tara haraji ta jiha kuma ita ke kula da kuɗi da miƙa katin. Mai nema dole ya cika shekara 18 in motar gida zai tuƙa, mai neman na haya kuwa sai ya kai 26. Zai shiga makarantar da hukuma ta amince da ita, ya karɓi takardar izinin koyo, a manna masa jan harafin L gaba da baya, ya halarci darasi aƙalla 26. Idan ya kammala, makarantar za ta fitar masa da takardar shaida mai lamba, ta gabatar da shi gaban mai gwaji. Sai ya ci gwajin zai cike fom ta intanet, ya biya kuɗi, ya je a ɗauki hotonsa da yatsunsa. An saba bayar da na wucin gadi mai kwana 60 kafin katin dindindin na shekara 3 ko 5 ya fito.

A cikin wannan jeri duka, mataki ɗaya ne kawai ake duban ko mutum ya iya abin da yake iƙirari, wato gwajin nan na kan hanya. Sauran takarda ne da hoto. Shi ya sa shi ne matakin da mai hanya ya fi alkawarin tsallakar da kai, kuma shi ne wanda bai kamata kowa ya yarda a tsallakar da shi ba.

Shiri yana farawa daga zaɓen makaranta. Kada ka tsaya ga allon da aka kafa a bakin titi. Ka shiga ka tambayi shaidar rajistarta, ka ga motar da za a koya maka da ita, ka duba ko akwai birki a ɓangaren malami. Ka tambaya ko darussan nan za a yi su ɗaya bayan ɗaya da gaske. Idan mai makaranta ya rage murya ya ce, "Alhaji, in kana sauri akwai yadda ake yi," to ka san kantin sayar da takarda ka shigo, ka kama gabanka. Makarantar ƙwarai ita ce wadda malaminta zai iya duban idonka ya ce ba ka isa gwaji ba tukuna, ka ƙara mako biyu.

Sai karatun dokokin hanya, wanda mutanenmu suka fi rainawa. Alamomin nan na gefen titi harshe ne, kuma kowace siffa da abin da take cewa. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi take yi: ga kwana, ga makaranta, ga mahaɗa. Zagayayya mai jan baki hani ce. Zagayayya shuɗiya umarni ce. Mai kusurwa takwas ja-wur tana nufin ka tsaya cik, ko da ba ka hango kowa ba. Farin layin da ya miƙe ba yankewa a tsakiyar titi yana hana ka wuce na gabanka, mai yanke-yanke kuma ya ba ka dama in hanya ta yi sarari. A shatale-tale, wanda ya riga ya shiga shi ke da hannu, kuma daga hagunka yake tahowa. Ƙaramar mota ba ta wuce kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na gudu.

Waɗannan lambobi suna da dalili, kuma ya kamata kowane ɗan koyo ya san shi. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun 100 tana cin kusan mita 28. Ke nan tsakanin lokacin da idonka ya ga yaro ya ɓullo daga bayan tirela da lokacin da ƙafarka ta isa birki, ka riga ka shafe tsawon gidaje biyu. Bayan haka, in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu. Wanda ya fahimci wannan lissafi ba sai an roƙe shi ya bar tazara tsakaninsa da na gaba ba, kuma ba zai ɗaga waya yana tuƙi ba.

A aikace kuwa, tafiya a miƙe ita ce mafi sauƙi a cikin tuƙi, kuma ita kaɗai filin ƙwallo ke koyarwa. Abin da ke bambanta direba da mai riƙon sitiyari yana cikin ƙananan abubuwa. Tashi a kan hawa ba tare da mota ta koma baya ba, wato ka riƙe ta da birkin hannu, ka ɗago kuloci sannu har ka ji gabanta ya ɗan ɗaga, ka ba ta totur, sannan ka saki. Ribas a lungu mai kwata hagu da dama. Fakin tsakanin motoci biyu. Juyawa a ƙuntataccen titi. Tsayawar gaggawa. Duba madubi, sa sigina, sannan a karya sitiyari, a kan wannan jeri kullum har ya zama jiki. Da waiwayawa ta kafaɗa kafin sauya hannu, saboda akwai gurbin da madubi ba ya nunawa, kuma a garuruwanmu a wannan gurbin ɗan acaɓa yake zama. Ka nemi malaminka ya fita da kai da safe lokacin kai yara makaranta, da yamma lokacin tashin kasuwa, da dare lokacin da fitilun masu tahowa ke kashe ido, da ranar ruwa in damina ce. Ka koyi buɗe gaban mota ka duba bakin mai da ruwan lagireto da man birki, ka san taya mai sulɓi in ka gan ta. Ka je a auna maka ido tun da wuri. Mutane da dama ba su san ganinsu ya ragu ba sai an tsayar da su gaban allon haruffa, kuma tabarau ba abin kunya ba ne.

Idan lokacin neman ranar gwaji ya yi, shawarata ita ce ka je da ƙafarka. Ka haɗa takardunka a ambulan guda: shaidar makaranta, izinin koyo, katin ɗan ƙasa, rasit. Kafin ka cike komai, ka zauna ka gwama sunanka da ranar haihuwarka a duk takardun nan. Mu a Arewa wannan yana ba mu wahala ƙwarai, domin mutum ɗaya zai kasance Muhammadu a takardar firamare, Muhammad a katin ɗan ƙasa, wani rubutun dabam kuma a banki, kwamfuta kuwa ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. Harafi guda yakan jawo zirga-zirgar mako uku. Kuɗin hukuma ka biya shi ta banki ko ta shafin hukuma, ka adana rasit. A farashin da aka sanar a 2025, lasisin mota na shekara 3 naira 15,000 ne, na shekara 5 kuma naira 21,000, ban da kuɗin makaranta da na gwaji. Mai hanya yakan karɓi fiye da haka, kuma sau da yawa abin da zai kawo maka jabu ne, wanda ba za ka gane ba sai ranar da aka buga lambarsa a na'ura aka ce babu shi, ko ranar da ka je sabuntawa aka ce ka faro daga farko. Araha ba ta ado, balle wannan da ba araha ba ce ma.

Kada kuma ka jira sai an kira ka aiki kafin ka fara nema, kamar yadda ɗan ƙanwata ya yi. Sauri ya haifi nawa. Duk matashin da ya cika shekara 18 kuma yake da niyyar taɓa mota wata rana, ya fara tun yana da sarari, lokacin da babu wanda ke tsaye a kansa da agogo. Ranar gwaji kuwa malaminka ne ya fi cancanta ya tsayar da ita tare da kai. Daren ranar ka yi barci sosai. Da safe ka karya, ka isa wurin da wuri, ka sa takalmin da ya kama ƙafa, domin silifas yakan zame ya shige ƙarƙashin birki. Mai babbar riga ya ajiye ta a gida, hannunta na iya sarƙe giya. 'Yan'uwa mata su daidaita hijabi ko mayafi yadda ba zai tare musu ganin gefe ba. In motarka za ka kawo, ka tabbata fitilu da hon da birki da takardunta duk lafiya.

Mai gwaji yana fara aikinsa tun kafin ka murza makulli. Yana kallon ko ka gyara kujera, ka daidaita madubai, ka ɗaura bel, ka tabbatar giya tana firi. A kan hanya natsuwa yake nema, da nuna cewa kana ganin abin da ke kewaye da kai. Gwanintar karya kwana da hannu ɗaya ba ta ƙara maka maki. In ba ka ji umarninsa ba, ka ce, "Yallaɓai, a maimaita mini." In mota ta mutu, ka ja birkin hannu, ka mayar da giya firi, ka sake tayarwa cikin kwanciyar hankali, domin yadda ka fita daga kuskure shi ma abin dubawa ne. In kuma ka faɗi, ka tambayi inda ka kasa, ka koma ka gyara. Faɗuwa a filin gwaji rahama ce, saboda a can sanda kawai za ka ture.

Na san akwai mai cewa, direbobin da suka fi kowa iya mota a ƙasar nan ba su taɓa zama a aji ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ina girmama ta. Na san dattawan direbobi da suka yi shekara talatin suna jigila tsakanin Kano da Legas ko Maiduguri ba su taɓa taka ko akuya ba. Amma a tambaye su yadda suka koya. Sun yi shekaru suna yaran mota, suna wanke ta, suna sa weji a bayan taya, suna kwana a ƙarƙashinta tare da bakanike, suna zaune kusa da maigida suna kallon ƙafarsa da idonsa. Sai bayan an daɗe ake ba su su matsar da ita a cikin tasha, sannan a ba su a hanya da rana maigida yana gefe. Ranar da za a yaye yaro, maigidansa ya san sunansa ne zai ɓaci in yaron ya yi ɓarna. Wannan ai makaranta ce mai tsauri, da gwaji mai tsauri. Abin da ya faru shi ne wancan tsari ya yi rauni, motoci da babura sun yi yawa, yaro yakan karɓi a-daidaita-sahu yau ya ɗauki fasinja gobe, babu maigidan da ya tsaya masa. Tunda tsohuwar rariya ta yage, dole sabuwar ta yi aiki. Kuma wanda ya iya da gaske ba ya tsoron gwaji, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Akwai kuma mai cewa wahalar ofis ce ke tura mutane hannun dillalai. Shi ma ya yi gaskiya, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Talakan da zai rufe shagonsa kwana uku yana jiran a ce masa na'ura ba ta aiki, ba abin mamaki ba ne in ya saurari mai raɗa masa hanya mai sauƙi. A Birtaniya, inda gwajin tuƙi ya zama tilas tun 1935, mutum yana zaɓen rana da sa'a da cibiyar gwaji ta intanet bayan ya ci jarrabawar dokoki. Za a sa shi karanta lambar mota daga nisan mita 20, a fita da shi cikin gari kimanin minti 40. Ƙananan kurakurai in sun haura 15 ya faɗi, babban kuskure kuwa guda ɗaya ya isa, kuma kusan rabin masu shiga ba sa ci. Duk da haka, da layi ya yi tsawo a 'yan shekarun nan har mutane na jiran watanni, sai ga 'yan tsakiya sun ɓullo suna kame gurabe suna sayarwa da tsada. Darasin a fili yake: duk inda ƙofa ta ƙuntata, dillali zai kafa kujera a bakinta. Maganin dillali shi ne a faɗaɗa ƙofar, a kuma haskaka ta.

Saboda haka ina kira ga gwamnatocin jihohinmu, tunda gwaji a hannunsu yake. A ba mai nema damar tsayar da rana da sa'a ta wayarsa, ya zo a lokacinsa ya tafi a lokacinsa. A rubuta kowane kuɗi ɓaro-ɓaro a bangon ofis, da Hausa, da boko da ajami. A tanadi filin gwaji na sosai a kowace shiyya, mai hawa da gangara da mahaɗa, yadda mutumin ƙaramar hukuma mai nisa ba sai ya kwana a babban birni ba. A yi tambayoyin dokoki da harshen da mutum yake ji, da baki ga wanda ba ya karatu, domin sanin hanya ake nema. A ba kowane mai gwaji takardar da zai rubuta kurakuran da ya gani, a miƙa wa wanda aka gwada kwafi, a sa kyamara a motar gwaji don kare jami'i mai gaskiya da kama marar gaskiya. A horar da mata masu koyarwa, saboda akwai mata da yawa masu buƙatar kai yara makaranta da asibiti da za su fi sakewa da 'yar'uwarsu a gefe. A kuma jawo ƙungiyoyin direbobi da na masu babura masu ƙafa uku cikin aikin, domin su ne ke ɗauke da mafi yawan rayukanmu kowace safiya. Makarantar da aka kama tana sayar da shaida a soke rajistarta, a faɗi sunanta a rediyo.

Mu ma a gida akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Uban da ke miƙa wa ɗan shekara goma sha huɗu makulli don ya je sayen burodi, da wanda ke kallon ɗansa yana wasa da mota a rakiyar amarya yana murmushi, su sani cewa ɗan wani ne ke tafiya a gefen wannan titi. Mai ɗaukar direban da zai riƙa kai 'ya'yansa makaranta kada ya tsaya ga ganin kati, ya zauna a gefensa su zaga gari. Malamai su taɓo wannan batu a kan mumbari kamar yadda suke taɓo tauye mudu, domin duka biyun cin amanar wanda bai gani ba ne. Kada wani ya ce halinmu ba ya canzuwa. Ranar 2 ga Afrilun 1972 ƙasar nan baki ɗaya ta sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, direban birni da na ƙauye kowa ya sake koyo, kuma aka yi. Al'ummar da ta iya wannan za ta iya tsayawa a layi a gwada ta.

Ɗan ƙanwata ya shiga makaranta a makon da ya biyo bayan fitarmu. Ya yi darussansa cif. A gwajin farko ya ture sanda wajen ribas, jami'in ya ce masa, "Samari, ka koma ka ƙara, hannunka bai faɗa ba tukuna." Ya dawo gida ransa a ɓace, ya ƙi cin abincin dare. A karo na biyu ya ci. Aikin da aka kira shi kuwa bai jira shi ba, an ba wani. Wannan ya yi mana ciwo, ni da mahaifiyarsa, kuma ba zan ɓoye ba, akwai daren da na kwana ina tunanin ko na tsaurara masa. Amma duk sanda tunanin ya zo, sai in tuna ƙafar jaririn nan tana reto a madubi.

Kwanakin baya ya zo ya ɗauke ni za mu gaishe da mahaifiyarsa. Hanya ta bi da mu ta gadar nan, cunkoso ya sake tsayar da mu a tsakiyar hawa. Na zuba wa hannunsa ido ban ce komai ba. Ya ja birkin hannu, ya dubi madubi, ya jira. Da layi ya motsa ya ɗago kuloci a hankali, motar ta ɗan ɗaga kai, ya saki birkin, muka haura ko taku ɗaya ba mu koma baya ba. A bayanmu akwai wani dattijo a kan keke da buhun gawayi. Bai san mu ba, bai ɗago kai ya dube mu ba, ya ci gaba da taka kekensa zuwa gida.